Ƙyauren Ilu

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da muka sauka daga mota a ƙofar gidan Alhaji Hudu muka tarar an shafe gidan da shuɗin fenti ba. Wata Laraba ce cikin kaka, shekara uku ke nan, an gama cirar gyaɗa. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake bugun gwiwar yaro kafin in auna tsawonsa. To, ku saurara sau ɗaya, ku huta da tambaya ni ma in huta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni mai kwantiniti ne. A wurin ɗaukar fim akwai furodusa, shi ne mai shirin. Akwai darakta mai ba da umarni, sai mai kyamara da mai ɗaukar sauti. Ni nawa aikin ido ne da littafi. Ba a ɗaukar fim a jere yadda kuke ganinsa a talabijin. Mutum zai shiga zaure yau, ba za a ɗauki fitowarsa ba sai bayan wata biyu, kuma ni ne zan tabbatar hular da ya shiga da ita ita ce ya fito da ita, karin ma yana gefen da ya bar shi. Shekara talatin ina wannan aiki, har matata tana cewa ko buta aka gusar a tsakar gida sai na yi bincike. Ina alfahari da idona, ban taɓa ɓoyewa ba.

Munzali ɗan Rogo ne, mahaifinsa masinja a ofishin hakimi. Yana aji biyu na firamare muka ɗauko shi ya fito a wani wasan kwaikwayo na mako-mako, a matsayin Ilu, yaro mai kiwon awaki da ke ƙure manya da tambaya. A lokacin in dai gida akwai talabijin, to an san Ilu. A wani ƙauye kusa da Yammedi muka ɗauki shirin, a gidan wani manomi, Malam Hudu, tun bai je Makka ba. Labarin na damina ɗaya ne, amma mu zuwa uku muka yi cikin shekara biyu kafin mu gama.

A nan matsalata take, don yaro ba hula ba ne da za ka ninke ka ajiye a jaka. Ranar farko ma sai da furodusa ya dube shi ya ce, “Anya wannan bai yi girma ba?” Na ce bari in auna. Na jingina shi da ƙyauren zaure, na ɗora littafina a kansa, na ja layi da ƙusa. Duk zuwan da muka sake yi haka nake yi kafin a kunna kyamara. In ya ƙaru sai a haƙa masa ɗan rami ya tsaya a ciki, ko a ɗora babban da ke kusa da shi a kan bulo, tela kuma ya ɗinka masa wata doguwar rigar daga ragowar yadin. Ina aunawa ina faɗa: “Kai wa ya aike ka ka ƙara tsawo? In ka cika girma wani Ilun za a nemo.” Wasa nake yi, Allah ya sani. Layi uku na ja, kuma sai da na sha faɗa a kansu, don sun riƙa fitowa a hoto raɗau.

Da shirin ya ƙare, bayan 'yan shekaru muryarsa ta buɗe, sai aiki ya ɗauke. Duk ofishin da ya shiga za a tashi a rungume shi, a ɗauki hoto da shi, a ce, “Ilu! Ai ka girma,” sannan a raka shi bakin ƙofa. A fim ya fito a abokin ango ban san sau nawa ba. Ya yi ɗan sandan da ke tsaye a bayan babba ba ya cewa uffan. Ya gabatar da shirin yara na ɗan lokaci, ya sa murya a finafinan waje da ake fassarawa. Daga ƙarshe ya koma Rogo ya kama acaɓa, ga mata da 'ya'ya biyu. Fasinja ya hau bayansa, a yi nisa, sai ya leƙo fuskarsa ya ce, “Don Allah yi mini maganar Ilu.” Shi kuwa ya yi, don ba shi da girman kai.

Bayan shekara ashirin da biyu sai wani gidan talabijin da tsofaffin kaset ɗin shirin suka koma hannunsa ya ce yana so a ga Ilu ya girma ya dawo gida. Amma gwaji za a fara, kashi ɗaya tak. In manya sun gani ya yi musu, a ba da zango guda, wato kashi goma sha uku. In bai yi ba, an rufe maganar. Sharaɗinsu shi ne a minti na farko a haɗa tsohon hoto da sabo, mai kallo ya gane gidan nan take. Kuma yini ɗaya aka ba mu da kayan aiki, don washegari kyamarar tana da wani wurin zuwa. Munzali ya jingine babur ɗinsa, ya gaya mini da bakinsa cewa in wannan ta kuɓuce, shi da tsayawa gaban kyamara har abada.

Wata ɗaya kafin ranar aka tura ni in dubo wuri, kamar yadda ƙa'ida take. Na fara zuwa wurin dagaci na kwashi gaisuwa na nemi izini, sannan na wuce gidan. Na tarar da shi kamar jiya muka tafi: zauren ƙasa da jinka, rumbu a hagu, tsamiya a baya. Ƙyauren yana nan, an shanya tabarma a kansa, ban ko ɗaga ta ba. Murna ta cika ni. Na ce, “Alhaji, gidan nan duniya za ta sake ganinsa.” Ya ce, “Malam Isiyaku, in Allah ya yarda ba za mu ba ku kunya ba.” Na ɗauki hotuna na hau mota. Magana ɗaya da ko ɗan koyo ya san ana faɗa, a ce wa mai gida kada a taɓa komai, ita ce ni mai shekara kusan talatin a sana'ar ban faɗa ba.

Mun kwana a Ƙaraye, a Unguwar Hajji, da hantsi muka isa. Direba ya wuce gidan, sai da na hango tsamiya na ce ya ja da baya. An yaɓe zauren da siminti. An cire jinka an buga kwano sai ƙyalli yake. An sa ƙofar ƙarfe. Rumbun ma an tashe shi an gina shago a gurbinsa. Komai shuɗi, irin shuɗin da ke sa ido hawaye. Ga tabarmi an shimfiɗa, ga ƙwaryar fura, ga mutanen unguwa sun yi layi, Alhaji Hudu a gabansu cikin sabuwar babbar riga.

Daraktanmu, Lurwanu, matashi ne mai zafin kai amma ya san aiki. Ya matso kusa da kunnena ya ce, “Baba Isiyaku, ina gidan?”

Na ce, “Ga shi nan a ƙarƙashin fenti.”

Muka gaisa da Alhaji, muka tambayi iyali da amfanin gona da jama'a. Bai bari mun gama zama ba ya ce, “To, ya kuka gani? Gayya muka yi, kwana tara. Fentin nan da kaina na je kasuwar Rogo na zaɓo shi. Na ce wancan karon kun ɗauke mu cikin ƙasa, wannan karon ba za a yi da mu ba.”

Ku faɗa mini, wa zai iya duban fuskar dattijon nan ya ce masa ya yi ɓarna? Na ce, “Alhaji, gida ya yi kyau. Allah ya sanya albarka.” Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.

Lurwanu ya ja ni bayan mota. Ban taɓa jin an yi wa mutum faɗa da raɗa irin na ranar ba, kuma shi ke da gaskiya. Muka duba dabaru. A yaɓa ƙasa a kan fentin, cin fuska ne, kuma ba za ta bushe ba. A nemi wani gidan, babu mai tsamiya a daidai wurin. Lurwanu ya ciro waya ya ce zai kira gidan talabijin ya ce a fasa. Munzali yana zaune a gefen mota yana jin mu. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Ba komai, Baba. Ai babur ɗina yana nan.” Gara a ce ya zage ni da ya faɗi haka.

Muna cikin wannan sai ga Iya Dije, uwargidan Alhaji, ta leƙo daga zaure da mayafinta. Ita ce ta riƙa ba Munzali tuwo lokacin yana yaro, in ya gaji ya yi barci a ɗakinta. Ta ɗaga murya ta ce, “Ina Ilun? Wato ka zo ƙofar gidan nan ka zauna a waje kamar mai karɓar haraji? Shigo nan!” Sannan ta hango ni. “Kai ma Mai Ƙusa, shigo. Ai ka tsufa, ba macen da za ta gudu don kai.” Mutane suka fashe da dariya, Alhaji ya ce mu shiga.

Muna shiga tsakar gida na gan shi. Tsohon ƙyauren zaure, an jingina shi da bangon ɗakin Iya Dije, a inuwa. Ga layukana uku, na gane su. Amma ba su kaɗai ba ne. Ƙasa da su da tsakaninsu duk zane ne, wani da ƙusa, wani da wuƙa, wani da gawayi, sun fi ƙarfin ƙirga.

Na ce, “Iya, wa ya yi wannan?”

Ta ce, “Unguwa ce ta yi. Da can in za a kai yaro makaranta sai a ce ya ɗora hannu a ka ya taɓo kunnensa. Mai wayo ya ƙi taɓowa, uban da ke son ɗan kiwo shi ma ya ce bai taɓo ba, a yi ta gardama. Da kuka tafi sai na ce, yaron da bai wuce layin nan na ƙasa ba na ga yana karanta takarda manya suna jiransa. Don haka duk wanda ya kai nan, mace ko namiji, ya isa makaranta, ba gardama.”

Munzali ya ce, “Na biyun fa, Iya?”

“Na biyu ka isa azumi har yamma. Na uku a ba ka aron keke ka je Ƙaraye kai kaɗai. Ƙyauren Ilu ke nan, har daga wasu unguwanni ana kawo yara. Da Alhaji ya sa na ƙarfe cewa ya yi a faskara wannan a yi girki. Na ce sai dai a faskara ni.”

Munzali ya tsuguna yana shafa zanen da hannu, ya daɗe. Sannan ya tashi ya fita da sauri, ni ma na bi shi. Ya sami Lurwanu da waya a kunne ya ce, “Darakta, dakata. Mutumin da ya bar gida shekara ashirin da biyu, don me zai dawo ya tarar ba a taɓa komai ba? Ni Rogo ma in na yi wata uku ban je wata unguwa ba sai na ɓata. Bari Ilu ya zo ya kasa gane gidansu.”

Lurwanu ya ce, “An ce a minti na farko mai kallo ya gane wurin.”

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce, “Ƙyauren nan yana cikin kusan kowace fitowa ta tsohon shirin, da layukana a jiki. Har faɗa na sha a kansu.” Muka buɗe tsohon hoton a wayarsa, ga Ilu ɗan ƙarami yana jan akuya, ga layuka a bayansa. Lurwanu ya shiga ya dubi ƙyauren, ya fito ya ce a sauke kaya. Ya roƙi Iya Dije ta fito a shirin da kanta. Ta ce sai abin da Alhaji ya ce. Alhaji ya ce ya yarda, in dai shuɗin bangon zai fito sosai.

Fitowa ta farko a waje muka ɗauke ta. Ilu ya zo da jaka, ya wuce gidan, ya dawo, ya yi sallama ya tambayi Alhaji ko ya san wani gida mai jinka da rumbu. Ba mu rubuta wa Alhaji komai ba. Ya gyara rigarsa ya ce, “Nan ne mana, gyara muka yi.” Sau huɗu muka maimaita, don duk sanda ya faɗa sai ya juyo ya ɗaga wa kyamara hannu.

Ta biyu sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, haske ya kwanta a tsakar gida yadda mai kyamara ke so. Umarni ɗaya Lurwanu ya ba Iya Dije: “Iya, ki auna shi yadda kike auna yara. Ki manta da mu.” Aka ce akshin. Munzali ya jingina da ƙyauren cikin doguwar riga. Iya Dije ta kifa turmi ta hau, ta cire masa hula, ta ɗaga ƙusa. Sai ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta sauko daga turmin, ta kai wa gwiwarsa duka da tafin hannu.

Ta ce, “Miƙe, ja'iri! Har yanzu ba ka daina ba? Tun kana ɗan mitsitsi nake ganin ka kana lanƙwasa gwiwa a cikin riga. Mai Ƙusa yana kallon kanka, ni ina kallon ƙafarka. Miƙe sosai, nan gidan ba a rage tsawo.”

Munzali ya dube ta kamar an tashe shi daga barci. Sannan ya miƙe, a hankali, sai ga shi ya ƙaru da kusan faɗin tafin hannu. Ta sake hawa turmin, ta danna kansa, ta ja layi can sama kusa da ƙarshen katakon. Ta sauko ta ja da baya tana kallonsa tun daga ƙafa har kai.

Ta ce, “Masha Allah. Ka girma, ɗana. Haka ake so.”

Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Matan da ke leƙe daga ɗakuna suka rangaɗa guɗa. Lurwanu ya manta da cewa kot, wato a tsayar da ɗauka, sai mai kyamara ne ya taɓa shi. Ni kuwa littafina yana buɗe a hannuna, ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Kunya ta rufe ni, daɗi kuma ya cika ni, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da aka kashe kyamara na ja shi gefe na ce, “Munzali, da gaske ne?”

Ya ce, “Baba, tun ranar farko da na ji an ce ko na yi girma. Kai kuma kullum kana cewa za a nemo wani Ilun. Amma na yau wallahi ban san na yi ba.”

Na ce ya yafe mini. Ya rungume ni yana dariya, ya ce da ban tsorata shi ba ai da ramukan da za a haƙa sun fi haka zurfi. Sai wani abu ya faɗo mini, na juya na ce, “Iya, ashe layin makarantar nan ya yi ƙasa. Duk yaran unguwar nan da wuri kuka kai su.”

Ta ce, “Na sani sarai. Shi ya sa ban gaya wa kowa ba.”

Mako uku bayan haka aka kira Lurwanu daga gidan talabijin. An ce babban cikinsu sau uku ya sa aka mayar masa da wurin dukan gwiwar. Suka ba da zangon. Yanzu muna na uku, Munzali ne jigon shirin, wani kashin ma shi ke ba da umarni. Babur ɗin ya bar wa ƙanensa. A Rogo har yanzu Ilu ake kiran sa, amma yanzu maganar makon jiya ake ce masa ya maimaita. Layin da Iya Dije ta ja a sama kuwa, ta ce duk saurayin da ya kai shi a fara nema masa mata, samarin unguwa sai ɗage suke yi. Alhaji Hudu bara ya mayar da gidan kore, bai kuma shawarci kowa ba. Na ciro littafina na rubuta kore, na wuce.

Abin da ranar ta koya mini game da sana'ar nan shi ne, mu an ɗauke mu ne mu hana abubuwa canjawa, kuma daidai ne in hula ce ko tabarma ko buta. Amma da mutane muke aiki. Masu gida suna gyara gidajensu don suna ganin girmanmu, yara kuma suna jin duk abin da muka faɗa, har wanda mu muka manta mun faɗa. Na yi shekara talatin ina taƙama da ido, wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe littafin kwantiniti ba ta ga abin da ya wuce ni sau uku. Shi ya sa yanzu in aka kawo mini yaro in auna, sai in fara bugun gwiwarsa, in dube shi cikin ido in ce, “Miƙe sosai. In ka wuce layin nan rami za mu haƙa maka, ba wani za mu nemo ba.”